Jinkirin Bakanike: Tarihin Gyaran Mota Tsakanin Kantin Kwari, Fagge da Sabon Gari

Daga cikin koke-koken da ke yawo a bakin 'yan kasuwar Kantin Kwari da direbobinsu, in an ɗebe kukan haraji da na kwastan, babu wanda ya kai kukan bakanike daɗewa, domin da wuya mutum ya zauna a rumfar wani attajiri daga azahar zuwa la'asar bai ji an ambaci wata mota da aka kai gareji tun kafin azumi, a kan alkawarin za a gama ta kafin Salla, ga shi har alhazai sun tafi sun komo tana nan bisa duwatsu, kuɗin da aka yi jinga a kansa kuwa ya ninka kansa. Mai mota ya ce an ci amanarsa, bakanike ya ce kaya ne suka hau, kowannensu kuwa in ka saurare shi shi kaɗai sai ka rantse shi aka zalunta. Wannan husuma ta girmi dukan masu yin ta a yau, kuma a ganina tushenta guda ne: an ɗauko ƙa'idar jinga wadda kakanninmu suka shimfiɗa domin sana'o'in da kayan aikinsu ke fitowa daga ƙasar Kano, aka aza ta a kan wata sana'a wadda ko ƙusa ɗaya ta cikinta sai an ƙetaro teku da ita, an kuma saye ta da kuɗin waɗansu mutane.

Kafin zuwan mota Fagge zango ce, inda ayarin Azbinawa ke sauka a wajen ganuwa da raƙumansu ɗauke da gishirin Bilma da dabino, su sayar, su auni hatsi, su sayi tufafi, su koma arewa. Abin dako a wancan zamani raƙumi ne da jaki da takarkari, in kuwa sirdi ko mangala ta lalace, baduku da maƙeri suna nan cikin birni. Marinin Ƙofar Mata da aka kai wa zane ya san inda babansa yake, ya san tokarsa da katsinsa, ya san kwanakin da karofi ke ɗauka kafin rini ya nuna. Maƙeri shi ma ya san mai kawo masa gawayi da tama. Saboda haka idan ɗayansu ya ce wa mai kaya ya dawo ran Juma'a, ya faɗi abin da ke ƙarƙashin ikonsa ne, in ya saɓa laifin nasa ne tsantsa, akwai kuma Sarkin Maƙera da sauran shugabannin sana'a da za a kai ƙara gabansu. Ko da yake darajar wuri ta yi ta zubewa cikin ƙarni na 19, zubewar a hankali take, ba ta isa ta rushe jingar mako biyu ba. A kan wannan aminci aka gina al'adar da muka gada, watau a yi ciniki da fatar baki, a ba da kafin alƙalami, a ambaci rana, a rabu da cewa Allah ya kai mu.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar da ta biyo kuwa cinikin gyaɗa ya buɗe da wani irin ƙarfi wanda ya ba Turawan kansu mamaki, su da suka shimfiɗa dogo da zaton auduga za su kwasa. Kamfanoni suka kafa kantuna daura da tasha. Larabawan Sham da Labanan, waɗanda jama'a ke kira Kwarori, aka ba su wuri a Fagge ta Kudu, inda Kantin Kwari ya tsiro. Sabon Gari kuwa aka zana shi wajen 1913 domin akawuna da masu sana'ar hannu waɗanda suka biyo dogo daga Kudu, da Saliyo, da ƙasar da ake kira Gana a yau. Da fari jakuna da raƙuma ne ke kawo gyaɗa tasha, amma da aka riƙa gyara hanyoyin Katsina da Daura da Haɗeja, sai babbar mota ta fara karɓe musu aiki kaɗan da kaɗan, har ya zama duk mai awon gyaɗa da ke son ya riga abokan gasarsa isa kasuwannin ƙauye ba shi da makawa sai ya mallaki mota ko ya ɗauki hayarta.

Motocin nan, irin su Ford da Bedford da Austin, kowace da wakilinta: Joe Allen ke riƙe da Ford, Niger Motors na kamfanin UAC ke kawo Bedford, daga baya Leventis ya zo da Mercedes, SCOA da Peugeot, Mandilas da Volkswagen. Sau da yawa inji da ƙashin mota kaɗai ake shigo da su, kafintoci su ɗora mata bodin katako a nan gida. Kanikawan farko a garejin waɗannan kamfanoni suka koyi aiki, ko a ma'aikatar jirgin ƙasa, ko ta ayyukan gwamnati da ta En'e, mafi yawansu kuwa mutanen Kudu ne mazauna Sabon Gari. To, idan wani ƙarfe ya karye, aka duba sito ba a same shi ba, sai a rubuta takarda ko a buga waya Ingila, a jira a sa shi cikin jirgin ruwa, ya sauka Ikko, watau Legas, kwastan su sallame shi, sa'an nan a loda shi a jirgin ƙasa ya yi tafiyar mil 700 zuwa Kano. Mai mota kuwa, wanda ya saba da alkawarin marini, ba abin da yake tambaya sai rana, bakanike kuma, don kunya da gudun kada a kai aikin wani wuri, sai ya ambaci ranar da shi kansa ba shi ne mai iko da ita ba. Da haka jinkiri ya shiga sana'ar tun ranar da aka raɗa mata suna.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya mayar da wannan rashi ya zama fasaha. Tun daga 1939 jiragen ruwa suka koma jigilar kayan yaƙi, da Japan ta kama Malaya a 1942 kuwa, inda mafi yawan robar daular Ingila ke fitowa, sai taya ta zama abin nema ido rufe, man fetur ya koma sai da izini, sababbin motoci suka ɗauke. A wannan ƙunci ne kanikawa suka koyi yanka mota ɗaya domin a rayar da biyu, maƙera suka koyi sarrafa karyayyen sifirin, masu faci suka koyi ɗinke tayar da a wata ƙasa da tuni an jefar da ita. Bayan 1945 sojojin da suka koyi tuƙi da kanikanci a fagen yaƙin Habasha da Bama suka komo gida da sana'a a hannu, aka kuma yi gwanjon motocin soja, alhali dalar gyaɗa na ta tashi a Kano saboda jirgin ƙasa ya kasa kwashe ta. Attajirai irin su Alhaji Sanusi Dantata suka zuba dukiya a harkar sufuri, Kwarorin Fagge su ma haka, garejin bakin hanya ya yawaita. A Ingila da Amurka masu hali ne ke tayar da tsohuwar mota domin sha'awa, suna iya jiran shekara biyu ba abin da ya ragu a tukunyarsu. A Kano kuwa motar da ake tayarwa ita ce jarin gidan, kowace ranar da ta kwana a gareji hasara ce da ake lissafawa da dare.

Rikicin 1966, da kashe-kashen da suka auku a watan Mayu da kuma ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, ya fitar da dubban mutanen Gabas daga Sabon Gari, cikinsu har da ƙwararrun kanikawa da masu sayar da kayan gyara, ya bar gareji da kantuna a rufe. Wannan musiba, wadda ba mai hankalin da zai yi fatan maimaituwarta, ta tilasta wa yaran gareji 'yan Arewa, waɗanda a da aikinsu miƙa sifana da wanke ƙarfe da kananzir, su zama iyayen gida tun kafin lokacinsu, Yarabawan da suka zauna kuma suka cike wani gurbin. Da yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, 'yan kasuwar Ibo suka komo, mutanen Nnewi a kan gaba, tare da tsarinsu na ɗaukar yaro ya yi wa maigida hidima shekaru, sa'an nan a sallame shi da jari ya buɗe nasa kanti a wani gari. Da wannan tsari suka haɗa kasuwar Nnewi da Ikko da Sabon Gari da igiya ɗaya, har abin da a da ake jira wata uku daga Ingila ya zama ana samunsa a bayan kanta ko a aiko shi cikin mako. Tun daga lokacin sana'ar ta zauna a kan ƙafa biyu: hannun da ke gyara sau da yawa na Bahaushe ne ko Bayarabe, kantin da ke sayar da ƙarfen kuwa sau da yawa na ɗan Ibo ne.

Shekarun 1970 suka zo da sauye-sauye a jere. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, abin da ya taimaka wa motocin Faransa da Jamus da Japan suka danne na Ingila. A wannan shekara kuma aka kafa dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa, wadda ta keɓe musu cinikin ɗai-ɗai da dakon kaya a kan hanya, ta buɗe wa Hausawa ƙofar kantunan Kwari da harkar manyan motoci. Ran 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam. Kuɗin man fetur ya malalo, ƙarin albashin Udoji ya faɗo hannun ma'aikata a farkon 1975 haɗe da bashin watannin baya, kowa ya tasam ma sayen abin hawa. Gwamnati ta shiga tarayya da kamfanonin waje aka kafa masana'antun harhaɗa motoci: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Ikko, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauci, Mercedes a Inugu, Fiat kuwa a nan Kano a kan hanyar Zariya. Peugeot 404 da 504 suka zama dokin Arewa, akori-kurarsu ita ke kwashe dilolin atamfa daga Kwari zuwa kasuwannin Katsina da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, babu kuwa garin da za ka tsaya ka rasa wanda ya san cikinta.

Amma ko a cikin wannan wadata akwai wata aya ga mai lura. A 1975, shekarar da masana'antar Kaduna ta fara aiki, tashar jiragen ruwa ta Ikko ta toshe da ɗaruruwan jirage masu ɗauke da siminti, waɗansu suna jiran watanni kafin a sauke su, har ya zama dole a riƙa ɗauko sassan motocin Peugeot ta jirgin sama daga birnin Liyon na Faransa zuwa filin jirgin saman Kano, daga nan a ɗora su a manyan motoci zuwa Kaduna, aka kuwa yi shekaru ana haka. Watau motar da ake alfahari da cewa a gida aka yi ta, gaɓoɓinta ta sama suke zuwa daga wata nahiya. Muddin dala tana ƙasa da naira, kamar yadda take wajen kwabo 55 a 1980, ba wanda ya damu. Mai mota a wannan zamani in abu ya lalace sabo yake sa wa, in motar ta tsufa ya sayar ya sake wata, fasahar tayar da matacciyar mota kuwa ta koma hannun masu ƙaramin ƙarfi.

Daga baya farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin Shehu Shagari ta ɗora matakan tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982, shigo da kaya ya koma sai da lasisi, masana'antun harhaɗawa suka fara tsayawa saboda rashin sassa. Sa'an nan gwamnatin Janar Babangida ta zo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje a ƙarshen Satumba, dalar da shekara ɗaya kafin nan ba ta kai naira guda ba ta haura zuwa wajen naira 4. A tsakiyar shekarun 1990 farashin hukuma yana naira 22, alhali a hannun 'yan canji ta wuce 80. Daga nan ne wani wuri na uku ya shiga tsakanin Kwari da Sabon Gari, watau kasuwar canji ta Wapa da ke cikin Fagge, gama tun daga wancan zamani har yau abin da za a sayar da fistin ko kuloci da la'asar a Wapa ake yanke shi da hantsi. Sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, ta gagari matsakaicin ɗan kasuwa, kowa ya juya ga wadda ke hannunsa yana neman mai tayar da ita, gareji ya cika maƙil a daidai lokacin da alkawarin farashi ya zama abin da ba mai iya riƙe shi.

Giɓin da masana'antu suka bari tsofaffin motocin Turai ne suka cike shi, waɗanda ake lodawa daga Beljiyam a sauke a Kwatano da sunan za su wuce Nijar, su bi ta Malanbil da Gaya zuwa Birnin Ƙonni da Maraɗi, daga nan su shigo ta kan iyaka. Tare da su aka riƙa kawo tsofaffin injina da giya da ƙofofi, kasuwar Ƙofar Ruwa ta bunƙasa, garejin Kwakwaci da makamantansa suka faɗaɗa. Kaya suka kasu hawa-hawa: ga sabo gangariya, ga ɗan Beljiyam, ga na Taiwan da daga baya na Sin, ga kuma jabu wanda aka sa a kwalin gangariya. Wannan ya sauƙaƙa samu, amma ya ƙara wata ƙofar saɓani, domin ɗan Beljiyam ba a sanin lafiyarsa sai an ɗaura shi an tayar da mota, in ya ƙi sai a kwance a mayar a canzo wani, kwanaki na tafiya. Kuma da nau'o'in motoci suka yawaita, bakaniken da ya haddace cikin 504 ya wayi gari yana fuskantar injina iri-iri, kowane da nasa hali.

Wanda bai taɓa tsayawa a kan aikin tayar da mota ba yakan ɗauka hannu ɗaya ke yin sa, alhali kuwa sarƙa ce mai zobba da yawa. Bakanike ya sauke inji ya buɗe, ya kai abin da ke bukatar gogewa wurin masu injin gogewa ya shiga layi. Mai gyaran jiki ya buge lanƙwasa, ya kankare fenti, ya tarar da tsatsa ta cinye ƙasan motar inda ido bai kai ba. Mai walda yana jiran a kawo wuta, in ba a kawo ba a tayar da janareto a kan kuɗin mai mota. Mai fenti ba zai fesa ba sai ƙurar hunturu ta lafa ko hadari ya wuce. Mai wayarin da mai kujeru kuwa ba su da abin yi sai waɗancan sun gama. Kowanne cikinsu mai cin gashin kansa ne, yana da nasa masu jira, amma mutum ɗaya ne ya karɓi jingar, shi ne kuma ya ambaci rana. Mafi girman al'amarin shi ne cikin inji gaibu ne kafin a buɗe shi, wanda ya yanke kuɗinsa yana rufe kuwa bai bambanta da mai cinikin biri a sama ba.

Wannan duka uzuri ne, amma uzuri ba ya wanke kowa da kowa. Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a gareji, watau a karɓi kafin alƙalamin Alhaji wane a ƙarasa motar Malam wane da shi, a jira wani sabon mai kawo aiki kafin a taɓa ta Alhajin, har gareji ya zama kowace mota tana jiran kuɗin wadda za ta zo bayanta. Akwai mai karya farashi da gangan domin aiki ya shigo, ya san in ya warwatsa inji a ƙasa mai motar ba shi da ikon ɗauke ta. Akwai mai cire ƙarfe daga motar da ta daɗe ya sa wa ta mai gaggawa, da niyyar zai mayar. Masu motoci su ma ba su kuɓuta ba: wani ya kawo mota ya ba da sulusin kuɗi ya ɓace wata huɗu, sa'an nan ya dawo yana neman a yi masa aiki a kan tsohon farashi. Abin mamaki kuwa, ɗan kasuwar Kwari, wanda da kansa yake ƙara kuɗin shadda da atamfa da zarar yaronsa ya bugo masa waya daga Wapa, shi ne yakan fi kowa ɗaure fuska in bakanike ya ce masa kaya sun hau.

Malaman fiƙihunmu na Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan Fagge da cikin birni tun kafin a san mota, sun yi wa wannan mas'ala shimfiɗa mai kyau. A babin ciniki na Risalar Ibn Abi Zaid da cikin Muhtasar na Shaihu Halil an rarrabe ijara da ju'ala. Ijara ba ta inganta sai an san aikin an kuma san ladan, domin jahilci a ɗayansu garari ne. Ju'ala kuwa, kamar a ce wa mutum in ya komo da ɓataccen raƙumi yana da kaza, ba a yanka mata ajali, mai aikin kuma ba ya cancantar kome sai ya kammala. Jingar gareji kamar yadda ake yin ta a yau ta ɗebo daga nan ta ɗebo daga can: aikin ba a san iyakarsa ba kamar na ju'ala, amma an yanka ajali an kuma ba da kuɗi tun gaba kamar na ijara, ga cinikin kayan da ba a gani ba an cusa a ciki. Ƙullin da aka yi shi a haka, ko da mutanen kirki biyu ne suka yi shi, da wuya ya ƙare ba tare da ɓacin rai ba.

Haka kuma mazhabar Imamu Malik ta shahara da hukuncin lamuntar da masu sana'a, watau wanda ya kafa kansa yana karɓar aikin jama'a, ya ɗauki kayan mutum ya keɓanta da shi, in kayan ya ɓace ko ya lalace a hannunsa shi ke da biya, sai fa in an sami shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. An yi haka ne domin maslaha, don kada dukiyar mutane ta zama abin wasa. Kuɗin da aka ba bakanike domin ya sayo wani ƙarfe ayyananne amana ne a hannun wakili, in ya karkatar da shi ga wata motar ya yi ta'addi, tashin farashin da ya biyo baya kuwa a fahimtata a wuyansa yake. A ɗaya gefen, shari'a ta lissafa jan biyan haƙƙi daga mai hali cikin zalunci, kuma abin da ya shahara a mazhaba shi ne bashi ana biyansa da adadin da aka ƙulla ko da darajar kuɗin ta sauya, wanda ke nuna cewa duk ranar da aka jinkirta biyan ladan ma'aikaci a zamanin da naira ke narkewa an rage masa haƙƙinsa ne a ɓoye. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi mai ajali ta sauka.

Gogaggun masu motocin Kwari, waɗanda suka sha wuya har suka yi wayo, sun isa ga kusan abin da malaman suka faɗa ta hanyar jarrabawa. Sukan raba kuɗin hannu da kuɗin kaya. Su biya ladan buɗewa da dubawa daban, kada a yanke jinga sai an baje inji kowa ya gani. Su tura yaronsu tare da yaron gareji Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa a sayo kaya a ranar da aka fitar da kuɗin, a kuma kawo musu tsohon ƙarfen da aka cire. Su biya mai gyaran jiki da mai fenti kowa a hannunsa, gaɓa bayan gaɓa, su riƙe ciko sai an gwada mota a kan hanya. In an saɓa, kafin a je gaban alƙali akwai shugabannin gareji da reshen ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, NATA, akwai kuma Hukumar Hisba, wadda sulhu na cikin ayyukanta. Kanikawan kirki sun fi kowa son wannan tsari, domin yana sauke musu nauyin farashin da ba su suka sa shi ba.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara tsananta al'amarin. Dala ta tashi daga wajen naira 197 zuwa kusan 280 a Yunin 2016. Aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017. Aka rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A tsakiyar 2023 aka janye tallafin man fetur aka kuma saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, ga iyakar Nijar a lokacin tana rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023. Motocin zamani kuma sun zo da kwamfuta a cikinsu, sai an jona musu na'ura ta faɗi ciwonsu, abin da ya rage gaibu ta wani gefe ya ƙara dogaro ga ƙetare ta wani gefen, gama abin da ya ƙone a cikin irin wannan akwati ba maƙerin da zai ƙera shi.

Muddin ƙarfen da ke cikin motocinmu daga wata ƙasa yake zuwa, bakanike ba zai mallaki ranarsa kamar yadda marini ya mallaki tasa ba, wannan kuwa al'amari ne na masana'antu da masu mulki, ya fi ƙarfin mutum biyu da ke tsaye a bakin gareji. Abin da ke hannunsu shi ne gyara ƙullin da ke tsakaninsu. Yaron gareji yakan yi shekaru yana koyon sauraron inji har ya gane ciwonsa da kunne, amma ba a zaunar da shi ko yini ɗaya a koya masa yadda ake rubuta ƙiyasi, da yadda ake ware amanar wani daga kuɗin aljihu, da yadda ake duban idon Alhaji a ce masa ba za a iya faɗin rana ba sai an buɗe. Wannan darasi iyayen gidan gareji da ƙungiyarsu ne ya wajaba su shigar da shi cikin koyo, kamar yadda ya wajaba ga masu motoci su daina kai aikinsu ga wanda ya fi kowa saurin alkawari.